Aku a Tsakar Gida: Littafin Yara Tsakanin Ido da Kunne

A watan Satumba na shekarar 2021 aka rufe makarantun Jihar Zamfara baki ɗaya bayan sace ɗalibai a yankin Maradun, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. Ina gida Gusau a lokacin, ina jiran komawa jami'a. Makonni kaɗan kafin nan yayata ta taso daga wani ƙauye na ƙasar Tsafe da 'ya'yanta uku, suka sauka gidanmu da ƙullin kaya biyu da tukunya ɗaya. Babbar shekararta takwas, na tsakiyan shida, autar kuwa ba ta cika huɗu ba. Ba makaranta, ba waya, ba leƙa ƙofar gida bayan magariba. Da ƙiriniyarsu ta ishi mahaifiyata sai ta dube ni ta ce, "Kai da ake ta kashe kuɗi kana karatun Hausa, nemo abin da zai zaunar mini da su."

Na tattaro duk wani littafi da ke da zane a gidan, wata malamar firamare maƙwabciyarmu ta ara mini wasu, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kimanin wata guda na yi ina karanta musu a bayyane tsakanin magariba da lisha, wani lokaci har bayanta, da hasken tocila. A aji an koya mini auna littafi da jigo da salo da zubi da tsari. A kan tabarmar nan na gamu da wani ma'auni da ba ya cikin darasi, wato ko yaro zai zauna ko zai tashi. Da shi nake son in auna littattafan da muke ba ƙananan yara a ƙasar Hausa, domin littafin da aka yi wa wanda bai iya karatu ba tukuna, ta bakin wani yake isa gare shi, kuma mai nazarin da ya karanta shi a zuci rabinsa kawai ya gani.

Ya kamata a fara rarrabe abu biyu da muke haɗawa a suna ɗaya. Akwai littafin da aka ƙawata da zane, wanda ko an cire zanen labarin yana nan daram. Akwai kuma wanda zane da rubutu suka raba labarin a tsakaninsu, kowanne ya ɗauki abin da ɗayan ya bari. Irin na biyun ne ya bunƙasa a Turai da Amurka. A littafin Maurice Sendak na 1963, wanda ke ba da labarin yaron da aka kora ɗaki don rashin ji ya tsinci kansa sarkin dodanni, akwai shafuka a tsakiya da babu kalma ko ɗaya, sai dodanni suna rawa. A nan mai karatu yake yin shiru, yaro ya karɓi magana. A na Eric Carle na 1969 kuwa, na tsutsa mai yunwa, huda shafukan aka yi, yaro ya riƙa zura yatsa inda tsutsar ta ci. Masu karatu biyu ne a kan littafi ɗaya: babba yana bin baƙaƙe, yaro yana bin zane, kuma sau da yawa yaron ne ke riga ganin abin da ke tafe.

Tarihin ɗab'inmu bai bi ta wannan hanya ba. Gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, neman abin karantawa take yi wa waɗanda suka riga suka iya boko. Ƙananan yara kuwa rabonsu shi ne littattafan koyon karatu irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, sai masu koyar da tsafta irin Bala da Babiya. A cikinsu zane bara ne ga kalma: ga hoton abu, ga sunansa a gefe. Sun yi aikin da aka yi su dominsa, iyayenmu da yawa ta kansu suka buɗe ido, ba ni da bakin raina su. Amma da na gwada karanta irinsu a bayyane, kafin shafi na uku na tsakiyan ya koma bin kaji.

Sai littattafan zamani masu launi. A nan dole a yaba kafin a yi suka. Shirin RANA, wanda aka fara a Katsina da Zamfara a 2015 da tallafin UNICEF, ya mayar da koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko na firamare abin da ake yi da tsari, har da labaran da malami zai karanta wa aji a bayyane. Shirin African Storybook na Afirka ta Kudu ya zuba labarai masu zane kyauta a intanet cikin harsunan Afirka masu yawa, da Hausa a ciki. Albarkacin irin waɗannan ƙoƙari ne yarinyar ƙauye za ta buɗe littafi ta ga mai kama da ita, da ɗankwali da akuya da rumbu. Na ga yadda autar ta kife tafin hannunta a kan hoton wata yarinya mai talla, ta ƙi bari a juya shafin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Littattafan da malamar ta ara mini daga wurare daban-daban suka fito, wasu ma an ɗebe musu bango, amma ciwo ɗaya ke damun yawancinsu. Zanen yana da rai, rubutun ba shi da numfashi. Jimlolin duk tsawonsu ɗaya, an jera su kamar bulo: wance ta tashi, wance ta je kasuwa, wance ta yi murna. A ɗaya daga ciki mai zane ya nuna yarinya ta yi tuntuɓe, faranti ya yi sama, gyaɗa ta watse, wani ɗan akuya a gefe ya riga ya sa baki. Me rubutun ya ce? Ya sanar da mu cewa yarinyar ta faɗi kuma ranta ya ɓaci. Abin da idon yaro ya gama gani tun kafin in buɗe baki shi aka sake gaya wa kunnensa, ɗan akuyan kuwa, wanda shi ne abin dariyar shafin, marubucin bai san da zamansa ba. Alama ce ta cewa marubuci da mai zane ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba, ko kuwa an ɗauko zanen daga wani harshe aka liƙa masa fassara. Sai na tsinci kaina ina fassara Hausa zuwa Hausa: ina ƙara "tim" inda ta faɗi, ina ƙara "ashe" da "ai kuwa" da "sai ga", ina ba ɗan akuyan murya. Yaran suna dariya, amma dariyar ba ta littafin ba ce.

Na daɗe ina tunanin dalilin haka, kuma a ganina an gwama buƙatu biyu ne da ba su da haɗi. Littafin da yaro zai haɗa baƙi da wasali ya karanta da kansa, dole a taƙaita masa kalmomi, a gajarta jimla. Amma wanda za a karanta masa, kunne ne zai karɓa, kunnen ɗan shekara huɗu kuwa ya yi wa idonsa nisa ƙwarai. Autar nan ba ta san "ba" daga "bi" a takarda ba, amma ta san bambancin faɗawa ruwa tsulum da faɗawa tsundum, ta san habaici in uwarta ta yi, tana da waƙoƙin gaɗa a ka. A ba irin wannan yarinya jimla mai kalma uku har shafi goma sha shida, an yi mata abin da ake yi wa mai haƙora in an dama masa koko kullum. Ga kuma darasin da ake ratayawa a shafin ƙarshe, a wanke hannu, a je makaranta, a bi iyaye. Babbar ta gano wannan tun a dare na uku; da mun kusa ƙarshe sai ta riga ni faɗin wa'azin da muryar malamai, sauran su fashe da dariya.

Akwai wani abu da ban zata ba, shi ne karin harshe. Littattafan da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, yaran kuwa Zamfarci tsantsa suke yi. In na karanta "suka tafi" sai na tsakiyan ya gyara mini, "sunka tahi dai, Kawu." Ba ina kira a rushe daidaitacciyar Hausa ba ne, ita ce ta sa ɗan Gusau da ɗan Damagaram suke karanta littafi ɗaya. Sai dai mai karatu a bayyane shi ne gadar da ke tsakanin Hausar takarda da Hausar ɗaki, kuma na lura rubutu mai ƙwari yana jure a lanƙwasa shi zuwa bakin mutanen gida, ya fito da daɗinsa. Rubutu marar ƙwari ko an juya shi Zamfarci yana nan a sandare.

Abin da nake laluben a waɗannan littattafai ban same shi ba, na san shi ne tun ina ƙarami a Bunguɗu, a ɗakin kakata, inda ake kai mu hutu. Ba ta san boko ba, amma ta san inda ake tsayawa. Takan kawo Gizo bakin ramin kura ta yi shiru, ta gyara fitila, ta nemi goronta, mu kuwa kamar mu mutu. Takan yi tsamin bakin Gizo har sai mun riƙe ciki. Kowace tatsuniya tana da waƙa a tsakiya, waƙar kuma tana da amshi, amshin namu ne. In ba mu amsa ba labari ba ya gaba. Wato tatsuniya gini ce da aka bar wa mai sauraro ƙofa a jikinta. Ibrahim Yaro Yahaya ya fahimci haka da ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, ya bar waƙoƙin a inda suke. Littafi mai zane yana da abin da ya yi daidai da shirun kakata, shi ne juya shafi. Marubucin da ya san aikinsa yakan ƙare shafi da "sai", ya bar abin da ya biyo baya a bayan takarda, yaro ya miƙa hannu da kansa. A duk tarin da ke gabana, littafi biyu ne kawai suka yi amfani da wannan dama, su ne kuma aka sa ni maimaitawa har na haddace.

Da masu launin suka ƙare, don dole na ɗauko tsohon Magana Jari Ce na mahaifina. Ban sa rai ba. Ba littafin ƙananan yara ba ne, zanensa baƙi da fari ne, jefi-jefi, sai an yi shafuka kafin a gamu da ɗaya. Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya, aka buga shi littafi uku tsakanin 1937 da 1939, don 'yan makaranta masu wayo. Ya ɗebo labaransa daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm da hikayoyin Indiya da na gida, ya sa musu rawani da alkyabba. Duk da haka shi ne ya zaunar da su, har uwarsu ta riƙa jawo kujera tana tsinke zogale a kusa.

Sirrin yana cikin jimlarsa. Imam yakan saki jimla ta yi ta gudu, aiki na bin aiki, ya yi kaza, ya yi kaza, ya yi kaza, har numfashin mai karatu ya kusa ƙarewa, sannan ya datse ta da 'yar gajeruwa wadda dariyar ke ciki. Mutanensa da baki ake gane su: bafade da kirarinsa, wawa da gardamarsa, mai wayo da ladabin ƙarya. Ban taɓa buƙatar ƙara masa "ashe" ba, ya riga ya ajiye ta inda harshe zai neme ta. Labarin Sahoro da Sahorama sau huɗu na karanta shi, na Kalala da Kalalatu kuwa har wasansa suka yi da murfin tukunya. Mutumin da ya tashi cikin masu ba da labari da baki ne ya riƙe alƙalami, kuma bai bar alƙalamin ya kashe bakin ba. Zanen da ke ciki, duk da ƙarancinsa, ya yi wani aiki dabam: autar takan riƙe shafin da akun yake, ta yi ta kallonsa alhali labari ya yi nisa, kamar mai son ganin fuskar wanda ke magana.

Ba na cikin masu ɗaukar littafin nan kamar wanda ba ya kuskure. Labaransa sun yi wa 'yar shekara huɗu tsawo, takan yi barci a rabi. Akwai kuma wuraren da na yi tsalle. Dariyar da ake yi wa baƙauye a wasu labaran tana da daɗi a bakin ɗan birni, amma masu saurarona yara ne da 'yan unguwa suka fara yi wa laƙabi da 'yan gudun hijira, suna kwaikwayon maganarsu a bakin famfo. Haka yawan jingina makirci ga mata, ga uwarsu zaune, wadda ta ratso daji da goyo. Mai karatu a zuci yana iya wucewa ya ce zamaninsu ne. Mai karatu a bayyane yana kallon idon wanda maganar za ta sauka a kansa.

Kuskuren da na yi shi ne Labarin Sarkin Busa. Na san tushensa, tsohuwar hikayar garin Hamelin ce ta Jamus: ɓeraye sun addabi gari, mai busa ya raba su da su bisa alkawarin lada, aka hana shi, ya sake busa, yaran gari suka bi shi. A aji mun yi nazarinsa a matsayin misalin yadda Imam ke Hausantar da baƙon labari, jigonsa kuma cika alkawari. Da wannan tunanin na fara karantawa, ina ta kwaikwayon busa. Sai da na kai inda yara suka fita gari suna bin mutumin na ji tsakar gidan ta yi tsit, irin shirun da ba na jin daɗi ba. Uwarsu ta daina tsinkar zogale. Na tsakiyan ya matso ya kama gefen rigata ya ce, "Kawu, nawa anka biya kahin a sako su?"

A shekarar ce aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Abin da ya rufe makarantar da ya kamata a sa shi ke nan, shi ne kuma ya taso su daga gidansu. Ni na zo da jigon cika alkawari, shi kuwa ya ji labarin garinsu. Na rufe littafin, muka yi magana. Ya gaya mini sunayen waɗanda aka tafi da su a ƙauyensu da waɗanda suka dawo, abin da bai taɓa faɗa wa kowa a gidan ba tun zuwansu. Babbar ta ce ita da ita ce da ta toshe kunnenta da auduga. Aka yi ta shawarar yadda za a kuɓuta daga mai busa har aka kira lisha.

Na yi nadamar rashin shiri, amma ban yi nadamar karatun ba, kuma a nan na saba da masu ganin littafin yara sai ya zama fes, ba tsoro ba duhu. Littattafai masu launin nan babu dare a cikinsu ko ɗaya; kullum rana tsaka ce, kowa na murmushi. Yaron da ya kwana a gona yana jin harbi ya san ƙarya suke yi. Tatsuniya ba ta taɓa ɓoye wa yara dodo ba, sai dai takan kawo shi a lokacin da suke jikin kakarsu, ta kuma rufe da ƙurunƙus a watse lafiya. Karatu a bayyane ya gaji wannan: tsoron yana zuwa ne da muryar wanda ka amince da shi, kana riƙe da rigarsa, kuma ana iya rufe shafi. Da yaron nan shi kaɗai ya gamu da labarin, ko a waya ya kalle shi, da babu wanda zai yi wa tambayar.

A daren ne kuma na fahimci ginin Magana Jari Ce fiye da yadda na fahimce shi don jarrabawa. A littafi na farko Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri ya ƙulla makircin da zai fitar da yaron a hallaka shi. Aku ba shi da takobi ba shi da ƙarfin tare ƙofa. Abin da yake da shi labari ne, da shi yake riƙe Musa dare bayan dare har gari ya waye. Malamai sun nuna cewa daga hikayoyin aku na Indiya da Farisa aka aro wannan tsari, haka ne kuma. Amma a Gusau ta 2021 ban ga aro a ciki ba. Aikin da mahaifiyata ta sa ni ke nan: a waje akwai abin da ke cin yara, a riƙe su a ciki da magana. Dandalin da ake wasan dare a ƙauyukan Tsafe ya mutu, tsofaffin da ke da tatsuniya a ka sun warwatsu a gidajen 'yan'uwa da kangaye, wasu sun tafi da nasu. In littafi zai karɓi wannan aiki, sai ya iya abin da aku ya iya.

Shi ya sa nake ganin littafin da yaranmu ke jira bai fito ba tukuna, ko da yake kayan haɗinsa duk suna nan. Kunnen Imam yana nan ga mai son koyo. Masu zane muna da su, ga su nan suna zana bayan motoci da allunan shaguna a Gusau, ba a dai taɓa kiransu teburin marubuci ba. Marubutanmu sun fi karkata ga labaran manya, gasanninmu ma haka, kamar rubuta wa ɗan shekara huɗu ƙasƙanci ne, alhali jimla goma sha biyu da za a karanta sau hamsin ba a gaji ba ta fi babi arba'in wuyar samu. Wanda zai gwada, ya fara karanta abin da ya rubuta da ƙarfi a gaban yaran gidansu, ya ga inda suka tashi.

Da aka maido da layin waya a Gusau na fara shirin komawa makaranta. Ana gobe zan tafi na fito alwala na tarar da babbar ta zaunar da ƙannenta a kan tabarmar, ta buɗe littafin yarinya mai talla a cinyarta, tana bin layin da yatsa kamar yadda nake yi. Ba abin da ke rubuce take faɗa ba. Da Zamfarci take zuba labarin, ta sa wa ɗan akuyan suna, ta ba shi tsamin bakin Gizo, ta ƙaro wata waƙa da sauran ke amsawa. Da ta kai shafin da faranti ya tashi sama sai ta yi shiru, ta ɗora hannu a kan takardar ta ƙi juyawa, har sai da autar ta fara dukan ƙafarta tana cewa a buɗe.